Yadda ake saita moto da famfo kafin a ɗaure su, da abin da ƙirƙirarriyar basira ke iya karɓa a aikin

Idan an sa wa famfo sabon boris, bai cika wata uku ba ya fara kuka, sil yana ɗigar ruwa, ka buɗe murfin kofilin, wato mahaɗin moto da famfo, ka tarar da baƙin garin roba a ƙasa, to kada ka yi saurin zagin mai sayar da boris. Galibi shaf, wato sandar ƙarfe mai juyawa, na moton lantarki da na famfo ne ba su zauna kan layi ɗaya ba. Kowane juyi sai ɗaya ya ja ɗaya, kuma moto mai gudun 1,450 a minti yana yin wannan ja-in-ja sau 87,000 a awa guda. Ba ƙarfen da zai jure.

Saita sassa kafin a haɗa su aiki ne da ke ko'ina a masana'anta, daga mai walda da ke gwada kusurwoyin ƙofa zuwa masu harhaɗa mota. Mun ɗauki moto da famfo ne domin a nan kuskure ya fi saurin tona kansa, kuma wanda ya iya wannan zai iya na janareta, da na giyabos, da na injin casar shinkafa.

Karkata iri biyu, da iyakar da aka yarda da ita

Ta farko ita ce saɓani: shaf biyu sun miƙe sambal, amma ɗaya ya fi ɗaya tudu ko ya goce gefe. Ta biyu ita ce kusurwa: sun haɗu a bakin kofilin, amma ɗaya ya sunkuya, sai tazarar da ke tsakanin fuskokin kofilin ta fi faɗi a sama ko a ƙasa. Kusan kullum za ka same su tare, a tsaye da kuma a kwance. Ke nan lambobi huɗu kake nema.

Wutar Najeriya da Nijar mai zagaye 50 ce a daƙiƙa, saboda haka yawancin moto suna gudu kusa da 1,500 ko kusa da 3,000 a minti. A jadawalin da masu wannan aiki suka fi amfani da shi, inji mai 1,500 ana yarda masa da saɓanin da bai wuce milimita 0.09 ba, da bambancin tazara na 0.07 a kowace milimita 100 ta faɗin kofilin. Mai 3,000 kuwa 0.06 da 0.04. Kaurin takardar ofis ɗaya kusan milimita 0.1 ne. Wato idan saɓanin ya kai kaurin takarda guda, an riga an wuce gona da iri. Wannan ya isa ya nuna maka cewa ido kaɗai ba ya wannan aiki, ko idon oga ne mai shekara talatin a shago. In kamfanin da ya ƙera injin ya ba da nasa lambobin, nasa za ka bi.

Akwai masu cewa ai kofilin mai roba yana shanye karkata. Robar tana shanyewa, gaskiya ne, amma ƙarfin da ta shanye boris da sil take miƙa wa.

Kayan aiki

Agogon awo, wato ma'auni mai allura da ke motsawa in an danna bakinsa, mai nuna milimita 0.01, da maƙalarsa ta ɗaurawa a shaf. Ma'aunin tazara mai siraran fallaye. Rula ta ƙarfe wadda ba ta lanƙwashe ba. Tef na awo, samfefa, burushin waya, sifana mai auna ƙarfin ɗauri, da alli ko maka. Sai shim, wato fallayen ƙarfen da ake cusawa a ƙarƙashin ƙafar moto. Na kirki na ƙarfe mara tsatsa ne, ana sayar da su yankakku masu kauri daga 0.05 zuwa milimita 3. A guji yanka gwangwanin lemo: yana da taushi, yana lotsewa bayan an ɗaure, gefensa kuma yana ɗagewa inda almakashi ya bi.

Mataki na farko: kashe wuta da gaske

Danna maɓalli bai isa ba. A sauke babban makunni, a cire fis, a sa kwado, makullin ya kwana a aljihun mai aikin. A inda wuta ke dawowa ba sallama, mutum ya ce ai an ɗauke wuta ya sa hannu a kofilin ganganci ne. A rufe bawul na shiga da na fita kuma, domin ruwan da ya dawo baya yana iya juya famfo shi kaɗai.

Mataki na biyu: shiri, inda yawancin aiki ke lalacewa

A ɗaga moto a kankare ƙafafunsa huɗu da inda suke zama a kan gadon inji. Tsatsa, fenti, busasshen giris, tsohon shim da ya ruɓe, duk a fitar. Fenti a ƙarƙashin ƙafa yana yin kamar katifa.

Sannan a duba shaf ɗin kansu. Ɗora agogo a kan gado, bakinsa ya taɓa shaf, ka juya shi a hankali. Idan allura ta yi yawo fiye da 0.05, shaf ya lanƙwashe ko kofilin bai zauna daidai ba, kuma duk awon da za ka yi bayan nan ƙarya zai gaya maka. Ka ɗaga bakin shaf da hannu ka ga ko boris yana da wasa.

Sai bututu. Sa agogo biyu a kan shaf ɗin famfo, ɗaya a sama ɗaya a gefe, ka sassauta kusoshin da suka haɗa bututu da bakin famfo. In allura ta motsa fiye da 0.05, bututun yana jan famfon. Bututun da sai da aka janyo shi da sarƙa ko aka danne shi da ƙarfe kafin ramuka su haɗu, shi za a gyara: a yanka, a sake walda, a sa masa matokari. Bakinsa ya kamata ya sadu da na famfo kusoshi su shige da hannu.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi wahalar da mutane, gurguwar ƙafa. Kamar tebur ne da ƙafa ɗaya ba ta kai ƙasa ba. Idan aka ɗaure ta da ƙarfi za ta kai, amma gangar jikin moto ta murɗe, boris biyu sun bar layi, kuma duk lokacin da ka sassauta ka sake ɗaurewa sai awo ya ba ka wata lamba dabam. Ga yadda ake kama ta. A ɗaure ƙafafu huɗu. A ɗora agogo a kan ƙafa ɗaya kusa da kusa, a mai da shi sifili, a sassauta wannan kusar ita kaɗai. Abin da ƙafar ta ɗaga a rubuta, a mai da ɗauri, a wuce ta gaba. Duk wadda ta ɗaga fiye da 0.05 tana bukatar shim. Kafin ka sa, zura ma'aunin tazara ta kusurwoyi huɗu na ƙafar. In ta ko'ina 0.20 ne, shim ɗaya ya wadatar. In waje 0.30 ciki 0.05, ƙafar a karkace take, sai an jera shim kamar matakala ko a kai a goge ƙafar. Kada shim ya wuce huɗu a ƙafa guda. Tarin sirara yana yin kamar sifirin, gara a musanya su da mai kauri ɗaya.

Mataki na uku: saitin ido

Famfo shi ne tsayayye saboda bututu sun riƙe shi, moto ake motsawa. Ɗora rula a kan gefen kofilin biyu, a sama sannan a gefe, ka haska tocila ta baya. Inda haske ya ratso, can ne ƙasa. A gyara har sai saɓanin ya sauko ƙasa da rabin milimita. A nan ne kuma ake saita tazarar da ke tsakanin rabin kofilin biyu yadda mai ƙera shi ya faɗa. In moto ya fi famfo tudu tun ba a sa shim ko ɗaya ba, babu inda za ka saukar da shi, shi ya sa ake so tun wajen ƙera gado a bar wa moto sarari na milimita 2 zuwa 3 a ƙasa.

Mataki na huɗu: awo da agogo

Kafin komai auna sunkuyon maƙala. Ɗaura ta a kan wani ƙaƙƙarfan bututu, da nisan da za ka yi aiki da shi, agogo yana taɓa bututun daga sama. Sifili. Juya bututun agogo ya koma ƙasa. Nauyinsa zai janye shi, ya nuna misali −0.06. Rubuta wannan a jikin maƙalar.

Yanzu ɗaura maƙalar a shaf ɗin famfo, bakin agogo ya taɓa gefen kofilin na moto. Yi wa kofilin alama huɗu kamar fuskar agogon bango: 12, 3, 6, 9. Sifili a 12. Juya shaf biyun tare, ko yaushe ta hanya ɗaya, kana rubuta abin da ka gani a kowace alama. Madubi ƙarami yana taimakawa a 6. Da ka dawo 12 dole allura ta dawo sifili. Akwai gwaji na biyu: lambar 3 da ta 9 in an haɗa su su yi daidai da ta 6, ko su kusa da 0.02. In ba haka ba, wani abu yana motsi, a nemo shi kafin a ci gaba.

A kowace alama kuma auna tazarar fuskokin kofilin da ma'aunin tazara, a wuri ɗaya da ka yi wa maki, bayan ka tura shaf biyun baya don kada wasan gaba da baya ya shiga lissafi.

Ga misali. A 6 agogo ya nuna +0.24. Mai da masa abin da sunkuyo ya ci, 0.06, ya zama +0.30. Agogo yana nuna ninkin saɓani ne, saboda haka a raba biyu: 0.15. Da wannan ɗaurin, ƙari a 6 yana nufin kofilin moto yana ƙasa da na famfo. Tazara kuma a sama 3.20, a ƙasa 3.10, faɗin kofilin milimita 100. Bambancin 0.10 a kan 100, wato 0.001 a kowace milimita. Baki ya fi buɗewa a sama, ma'ana bayan moto ne ya zauna ƙasa.

Auna da tef daga inda agogo ya taɓa zuwa tsakiyar kusoshin ƙafafun gaba, a ce 200, da na baya, a ce 500. Ƙafafun gaba: 0.15 a haɗa da 0.001 sau 200, ya ba da 0.35. Na baya: 0.15 a haɗa da 0.001 sau 500, ya ba da 0.65. Abin da za a ƙara ke nan a ƙarƙashin kowace ƙafa, hagu da dama daidai wa daida. Da a ce bakin a ƙasa ya fi buɗewa, sai a debe maimakon a haɗa. Wannan alamar ƙari da ragi ita ce ke kayar da mutane fiye da komai, kuma za mu sake haɗuwa da ita a gaba.

A fara gyaran sama da ƙasa, domin sa shim yana gusar da moto gefe. Tura shim har ya taɓa kusa, sannan ka ja shi baya kaɗan don kada zare ya cije shi. Ɗauri a yi shi a gicciye, zagaye uku, ana ƙara ƙarfi, kuma da tsari ɗaya kowane lokaci.

Mataki na biyar: gefe da gefe

Lissafin ɗaya ne, sai dai tsakanin 9 da 3, kuma ba ruwanka da sunkuyo. Matsalar ita ce yadda za a gusar da moto mai kilo 150 da milimita 0.2. Guduma ba ta san 0.2 ba, tana kuma yi wa boris tabo. A yi waldar noti a kan gado kusa da kowace ƙafa, a zura kusa ta ciki tana tura ƙafar. Kusa mai kaurin milimita 12 ta yau da kullum tana tafiya milimita 1.75 a zagaye ɗaya, ke nan kashi ɗaya cikin takwas na zagaye ya kusa 0.2. Sa agogo a gefen ƙafar gaba da ta baya ka ga tafiyar da idonka. Bayan an ɗaure a janye kusoshin turin baya.

Wani lokaci moto zai ƙi tafiya saboda kusa ta tokare bakin rami. Kafin a ɗauko injin huda, a duba ko gusar da famfo da rabin milimita zai warware, in bututu sun yarda.

A sake awo gaba ɗaya bayan ɗaurin ƙarshe. Sau biyu ko uku ana zagayawa kafin lambobi su shiga iyaka, wannan ba gazawa ba ce.

Zafi

Ƙarfen zubi yana ƙaruwa da kusan milimita 0.011 a kowace mita idan zafi ya hau digiri ɗaya. Famfon ruwan zafi da tsakiyar shaf ɗinsa ke milimita 250 daga gado, in jikinsa ya ƙara digiri 50, zai ɗaga da kusan 0.14. Moto mai tsayi ɗaya da ya ƙara digiri 20 zai ɗaga 0.055 kawai. Don haka a sanyi ake barin moto sama da famfo da kusan 0.08, su haɗu in aiki ya kankama. Injin da ke fili kuma a auna shi da sassafe. Ranar Afrilu tana dukan gefe ɗaya na gado ta murɗe shi kana tsaye.

Na bel da fuli, irin na injin niƙa, ya fi sauƙi. Miƙa zare ko rula a fuskar fuli biyu, ya taɓa wuri huɗu, biyu a kowanne. Danna bel a tsakiya, ya nutsa kusan milimita 16 a kowace mita ta tsawon da ke tsakanin fulin. Sabon bel a sake jan shi bayan kwana ɗaya ko biyu.

Ina ƙirƙirarriyar basira ta shigo?

A raba abubuwa, domin ana yawan cakuɗa su. Na'urar saiti mai hasken leza, wadda kamfanin Prüftechnik na Jamus ya fito da ita a 1984, yanzu kuma SKF da Fluke da wasu suna yi, lissafin da muka yi a sama take yi. Ka ɗaura kawuna biyu a shaf, ka shigar da nisan ƙafafu, ka juya, ta faɗi shim nawa. Ta kawar da sunkuyon maƙala da kuskuren ƙari da ragi, ta rage lokaci sosai. Amma kwamfuta ce mai bin ƙa'ida, kuma ta girmi wannan zamanin na ƙirƙirarriyar basira da shekaru kusan arba'in. Za ta nuna maka ƙafa ta ɗaga 0.30, ba za ta ce maka dunƙulen fenti ne a ƙasa ba.

Inda basirar ta shiga sosai shi ne gano ciwo. Ana manna wa gidan boris ƙaramar na'ura mai jin jijjiga, tana aika bayani dare da rana. Rashin saiti yana da nasa sawu: jijjiga mai ƙarfi a ninkin gudun inji, wato wajen 48 a daƙiƙa ga moto mai 1,450, da kuma jijjiga ta tsawon shaf. Manhajar da aka horar da tarin irin waɗannan bayanai tana iya ganin sawun makonni kafin kunne ya ji. Aikin wanda ke zagayawa yana ɗora sukudireba a boris yana kanga kunne, shi ne ya fi fuskantar barazana a manyan masana'antu.

A layin harhaɗa kaya kuwa, inda abu ɗaya ake maimaitawa sau dubbai, tun da daɗewa aka cire saiti daga hannun mutum aka zuba shi cikin jig, ƙarfen da ke riƙe kaya a mazauninsa: wuri uku a ƙasa, biyu a gefe, ɗaya a ƙarshe, sai fil biyu da ke shiga ramuka. Abin da ya ƙaru yanzu shi ne kyamara da ke gane sashe ko an ajiye shi a karkace, da hannun ƙarfe mai jin tokara da ke lalubar rami ya cusa fil. Wanda aikinsa ɗauka, jera, danna ne kawai, wannan aikin yana tafiya. Ko a can ma akwai iyaka, musamman a waya da roba da duk abin da ke lanƙwasa. A 2018 Elon Musk da bakinsa ya amsa cewa Tesla ta yi kuskure wajen cika masana'antarta da injuna masu sarrafa kansu, ya ce an raina ɗan Adam.

Game da manhajojin hira irin ChatGPT, wani bincike na 2023 da masana daga OpenAI da Jami'ar Pennsylvania suka yi a kan ayyukan Amurka ya ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin 100 na ma'aikata suna iya ganin an taɓa aƙalla kashi 10 na ayyukansu. Cikin sana'o'in da binciken bai sami ko aiki ɗaya da abin ya shafa ba akwai kanikancin babur da na manyan motoci da ginin dutse. Saitin inji a wurin aiki danginsu ne. Famfon da ke gidan ruwa, ko a wata masana'anta a Sharaɗa ko Bompai, yana kan gadon da ya yi shekaru yana shan ruwa, bututunsa an yi masa faci, kusa ɗaya ta ci zare. Babu biyu da suka yi kama, kuma ba wanda zai kawo hannun ƙarfe na miliyoyi don famfo guda. A ganinmu, a cikin matakai biyar ɗin nan lissafin mataki na huɗu da na biyar ne na'ura ta karɓe. Na biyu yana nan a hannu, kuma shi ne mai cin lokaci.

Bakanike zai iya mora manhajar hira a waya wajen lissafin shim, lissafin zafi, fassara littafin inji daga Turanci ko Faransanci, da rubuta rahoto. Amma da sharaɗi. Faɗa mata a wane shaf ka ɗaura maƙala, wane kofilin agogo yake taɓawa, ina ka yi sifili, sunkuyo nawa ne da ko ka riga ka cire shi. In ka bar ɗaya, za ta cike gurbin da zato, ta ba ka amsa cikin cikakkiyar natsuwa, ta ce ka rage inda ya kamata ka ƙara. Gwada amsarta da abin da rula da tocila suka nuna maka: in haske ya ce moto yana ƙasa ita kuma ta ce a cire shim, ita ce ta ɓata. Kada kuma ka karɓi ƙarfin ɗaurin kusa ko iyakar karkata daga bakinta ba tare da ka gani a littafin injin ba.

Bayan an tayar da inji ya yi awa ɗaya ko biyu yana aiki, a kashe, a sa kwado, a sake awo da zafinsa cikin mintuna kaɗan. A rubuta a kati: kwanan wata, lambobi huɗu kafin gyara da bayan gyara, shim nawa ke ƙarƙashin kowace ƙafa, awon sanyi da na zafi. A sa katin a leda a ɗaure a jikin murfin kofilin. In bayan wata shida lambobin sun gusa alhali ba wanda ya taɓa kusa, a duba siminti da ke ƙarƙashin gado da matokaran bututu.